Ɗigon da ke Tsinin Ƙwai

Akwai wani hali da ya fi satar dare muni, shi ne mutum ya zuba ido wani ya yi wahala, sai abu ya kusa nuna ya miƙa hannu. Mai wannan hali ba ya fasa ƙofa, don galibi makulli na aljihunsa. Ku ji yadda ta kaya da wani mai irinsa a Fagge.

Ranar wata Alhamis da hantsi, Inna Fanta ta shiga ɗakin da ke cikin zaurenta, ta ja ƙofa, ta toshe taga da buhu. Tsohuwa ce 'yar asalin Barno, amma a Fagge aka yanke mata cibi. Shekara goma sha tara tana ƙyanƙyashe wa mutane ƙwai, na kaza da na zabo da na agwagwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ta ci masa ko bara-gurbi ba. Injin nata tsohon firji ne da Azeez mai gyaran wuta na Sabon Gari ya sa wa ƙwan lantarki da fanka da batir. Ƙwai na zaune a tire, tsini a ƙasa, kai mai faɗi a sama. Daga waje ake jan wani mariƙi, tiren ya karkata, don kada ɗan da ke ciki ya manne da ɓawo.

A lokacin ƙwan mutum ɗaya ne a ciki, na Amarachi, wadda ake kira Maman David, mai kiwo a Sabon Gari. Ƙwan farar agwagwar Turawa ne, mai fitowa a kwana ashirin da takwas. Arba'in ta kawo, aka cire huɗu marasa rai tun makon farko, saura talatin da shida. Ran nan kwanansu ashirin da biyar, ranar da ake daina juyi, a kwantar da su, a ƙara ruwa, a rufe injin sai sun fito.

Inna Fanta ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana haskawa da tocila, 'yarta Zara na karɓa. Ƙwan da ya kai haka baƙi ƙirin yake a haske, sai ɗan fili a sama inda ɗan zai fara shan iska. Na farko haka, na biyu haka. Da ta ɗaga na tara sai haske ya ratsa shi, ja-ja, da 'yan jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo.

Ta ajiye shi gefe, ta ci gaba. Da ta gama, goma sha huɗu ne a gefe.

Zara ta ce, "Inna, mutuwa suka yi?"

"Wanda ya mutu ba ya komawa yaro. Waɗannan ba namu ba ne. An kwashe namu an zuba wasu."

"To ga zane biyu a kansu, alamar Maman David."

"Na gani. Ni ma kwana da kwanaki ina fesa musu ruwa ina kallon zanen, ido ya ci amanata."

Da ma ranar Maman David ta ce za ta leƙo, ba a jima ba kuwa sai ga ta. Inna Fanta ba ta ɓoye mata ba. Matar ta dubi ƙwan, ta dubi tsohuwar, ta ce, "Mama, mutum uku suka ce in kai nawa babbar gona, na ce a'a, Mama Fanta ba ta cin amana. Yanzu me zan je in ce musu? Kuma kin san yadda bakin kasuwa yake."

"Na sani. Ba ni zuwa la'asar. In ban kawo miki ƙwanki ba, ki faɗa wa duk wanda kika ga dama, ni kuma in kashe injin nan."

Abin da ke gabanta ke nan. Sunan da ta tara shekara goma sha tara yana iya zubewa a wuni ɗaya, ga kuma rayuka goma sha huɗu da ba ta san hannun da suke ba.

Ta fara aika wa Azeez. Ya zo a kan babur, da jakar kayan aiki.

"Azeez, yaushe rabonka da ɗakin nan?"

"Litinin ta makon jiya, Mama, da na canja kan batir."

"Na bar ka kai kaɗai?"

"Kin bar ni, da kika shiga salla." Ya ajiye jakarsa. "Mama, ni ake zargi?"

"Kowa ake zargi, har ni. Riƙe tocilar nan." Ta ɗora ƙwai ɗaya a kan hasken. "Me ka gani?"

"Jijiya, da wani ɗan baƙi a tsakiya."

"Wannan kwanansa shida a ɗumi. Da na kwana goma ne, da ka ga ɗan yana motsi, rabin ƙwan ya yi duhu. Ƙwai ba ya ƙaryar kwanansa. Ranar Juma'a aka sa shi, kai kuwa ka riga Juma'a da kwana huɗu. Tafi abinka, Allah ya yi albarka."

Azeez ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Mama, da ke ce alƙali da an huta."

Ranar Juma'ar nan Inna Fanta ta tafi ta'aziyya, ta bar Zara a gida. Da Azeez ya tafi, sai ta juyo ga Zara.

"Kin fita ran Juma'a?"

"Ina gida."

"Zara."

Zara ta sunkuyar da kai. "Na je kasuwar Kwari karɓo atamfa bayan an sauko masallaci. Ban fi awa ɗaya ba. Wallahi na kulle ɗakin."

"Da kin faɗa tun farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juya min ƙwan nan, dubi tsininsa."

Zara ta juya, ta sake ɗaukar wani, ta juya. "Babu ɗigo."

Wata al'ada ce ta Inna Fanta. In ta haska ƙwai a kwana bakwai ta ga rai, sai a ɗiga masa fensir a tsini, a mayar da shi tire. Tsinin a ƙasa yake zama, mai leƙe ta gilashi ba ya ganinsa.

Tsohuwar ta ce, "Ke kike riƙe fensirin duk ranar haskawa. Da ke ce, da kin ɗiga. Wanda ya yi aikin nan zanen sama kaɗai ya sani, don leƙe yake yi, bai taɓa aiki ba. Kin fita daga zargi, amma ba ki fita daga faɗa ba, sai an jima."

Ta jera ƙwan goma sha huɗu a faifai, ta daɗe tana dubawa. Duk girmansu ɗaya, duk da ɗan tsawo, duk launin madara. Ƙwan kasuwa ba ya zama haka, don daga gidaje goma ake tara shi, wani ma ya kwana biyu. Wannan na uwa ɗaya ne, kuma goma sha biyu a ciki da rai, wato akwai toro, namijin agwagwa, a gidan. Agwagwar gida kuwa in ta tara kamar haka, kwanci take shiga.

Ta ce, "Zara, baƙar agwagwar Baffanki mai zuwa cin dusa kullum da safe, yaushe rabonki da ita?"

Zara ta yi tunani. "Ta kai mako."

"Makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Uku. Naki, nawa, da na…" Ba ta ƙarasa ba.

Baffan nan, Malam Ari, ƙanin marigayi mijin Inna Fanta ne. Gidansa na bayan nata. Ɗakin injin a da shagon yayansa ne, shi ya sa makulli ya rage a hannunsa, kuma ba wanda ya taɓa tunanin karɓa. Kullum yakan zauna a zauren da rediyonsa, ya leƙa gilashi ya ce, "Yaya, waɗannan fararen wata biyu sun isa yanka, ko?" Ya taɓa roƙon ta ba shi biyar, ta ce ba nata ba ne.

Inna Fanta ta shimfiɗa tsumma a kwando, ta cika gora da ruwan ɗumi ta sa a ciki, ta yafa mayafi. Ba ta nufi gidan Ari kai tsaye ba, sai da ta biya ta ɗauki mai unguwa, Malam Abdulƙahhar, ta kira Maman David ta same su a can.

Suka tarar da Ari a ƙofar gida. Da ya ga kwandon sai ya miƙe, ya ce, "Yaya, lafiya? In maganar ƙwai ce ni ban san komai ba."

Mai unguwa ya ce, "Wa ya ce maka ƙwai? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Inna Fanta ta ce, "Barka na zo yi maka, Malam Ari. Na ji baƙar taka ta shiga kwanci. Yaushe ta fara?"

"Mako guda ke nan. Kowa ya sani, da tana yawo a layi."

"Ƙwan nata ne?"

"To na wa? Ni na ƙirga su, goma sha huɗu."

"Madalla. Agwagwar gida kwana talatin da biyar take yi, saura mata wata guda. Bari in duba maka masu rai, kyauta."

Ya so ya hana, mai unguwa ya ce a shiga. Agwagwar na cikin akurki tana huci. Inna Fanta ta jefa mata zane a ka, ta ɗauke ta cak kamar jaririya, ta miƙa wa Ari. Ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta ce wa mai unguwa ya rufa babbar rigarsa a ka ya yi duhu, ta miƙa masa tocila.

Daga cikin riga ya ce, "Baƙi ne ƙirin. Har ina ganin wani abu yana taɓa sama."

"Bakinsa ne. Saura kwana uku ya fito. Malam Ari, agwagwarka ta yi aikin kwana ashirin da biyar a mako ɗaya. Ko dai waliyyiya ce?"

Ari ya ce, "Wataƙila na yi kuskuren ƙirga. Ai babu alamar kowa a jikinsu, ku duba."

Gaskiya ne, saman ƙwan fes yake, an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Inna Fanta ta juya tsinin sama, ta nuna wa mai unguwa. Ɗigon fensir na nan. Ta juya na biyu, na uku, har goma sha huɗu, kowanne da nasa.

Ta ce, "Ka kwaikwayi zanen da kake gani ta gilashi, ka goge zanen da ka sani. Wanda ba ka sani ba shi ya rage a nan, shi ne kuma babu a naka da ka zuba min. Ka jira sai da na yi kwana goma sha tara ina tashi juyi da fesa ruwa, sannan ka kwasa. Ka yi zaton in naka sun ƙi fitowa zan ce bara-gurbi ne in zubar, kunya ta zama tawa."

Ari ya dubi agwagwar da ke hannunsa, ya ce a hankali, "Yaya, sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ba shi da makullin ɗakina."

Ba ta tsaya jin sauran ba, don ƙwai na hucewa. Ta haska su nan take. Goma sha ɗaya na motsi, uku sun mutu, waɗanda ya fi dirza da ruwan sanyi. Ta jera masu ran a kwando kusa da gorar, ta rufe, ta kama hanya da saurin da ba a san ta da shi ba. Kafin kiran la'asar suna cikin injin tare da 'yan'uwansu.

Ranar Lahadi suka fara tsaga ɓawo. Maman David ta zo ta zauna a gaban gilashi, tana cewa a taimaki wani da ya daɗe yana fama. Inna Fanta ta ce, "Ƙyale shi. Wanda aka ɓare wa ɓawo da hannu jini yake zubarwa." Cikin talatin da uku, talatin da ɗaya suka fito. Ta bar su sai da suka bushe suka yi laushi, sannan ta mayar da su kwali mai shimfiɗar buhu, don a kan abu mai santsi ƙafarsu takan buɗe. Ta kunna musu fitila, ta zuba ruwa a murfin kwano da tsakuwa a ciki, yadda baki zai shiga jiki ba zai shiga ba.

Ta ce wa Maman David, "Kada ki ga 'ya'yan agwagwa ne ki ba su kwatarniya. Uwa ce ke shafa musu man jikinta, na injin ba su da uwa. In suka jiƙe sanyi zai kashe su. Ki jira gashi ya fito."

Maman David ta ce, "Mama, mako mai zuwa zan kawo sittin." Ta kuwa kawo, da mata biyu a bayanta, kowace da nata kiret na ƙwai.

Shi kuwa Malam Ari, ga abin da ya tashi da shi. Mai unguwa ya yanke cewa ƙwansa goma sha huɗu da ya kai da hannunsa sun zama na Maman David, bayan wata guda goma sha ɗaya suka fito, aka wuce da su Sabon Gari ta ƙofar gidansa. Toronsa guda ɗaya tilo aka karɓa a madadin ukun da suka mutu. Baƙar agwagwar, da ta ga akurki wayam, ta watsar da kwanci. Makullin ɗaki ya ajiye shi a tafin mai unguwa a gaban mutanen layi. Zaman zaure na shekara ashirin ya ƙare, yanzu a bakin kwata yake jin rediyonsa, shi da agwagwa ɗaya da ba ta da toro.