Ya Bar Jaki Ya Daki Taiki

Bayan an sauko daga Juma'a Alhaji Ishiyaku na Tarai ya faɗo caji ofis na Kibiya, yana jan wani Bafulatani da wuyan riga.

"Yallaɓai, ga ɓarawona! Makon jiya ya sace mini sa, yau talabijin!"

Sufeto Sallau bai ɗago ba sai da ya gama ɓare goronsa. Mutum ne da ba ya son a yi masa ihu a ofis.

"Sake shi tukuna. Kai, sunanka?"

"Hammadu. Rugata tana bayan gonarsa. Wallahi ban taɓa masa ko tsinke ba."

"Ƙarya yake!" in ji Alhaji. "Mai unguwa ma ya ce idan ta tabbata, gobe rugar za ta tashi."

Sufeto ya dubi Hammadu. Ya sani kura ko ta ci ko ba ta ci ba bakinta da jini. Ya ce wa kofur ya ajiye shi bayan kanta, kada wanda ya taɓa shi, shi kuwa ya bi Alhaji zuwa Tarai.

A falon Alhaji bango ya yi fayau, sai ƙarfen da ake rataye talabijin. Ga batirin sola a lungu, ga rediyo, ga wani baƙin akwati ƙarami a ƙarƙashin tebur an lulluɓe shi da ƙyalle. Wata waya ta fito daga bayansa tana reto.

"Ɓarawon nan mai zaɓe ne," in ji Sufeto. "Ya bar batir ya ɗauki abin da ba ya shiga buhu. Wannan akwatin fa?"

"Tsohuwar dikoda ce," in ji Alhaji, "ta tauraron ɗan'adam. Tarkacen Hajiya. Na sayo talabijin mai ƙwaƙwalwa, wanda ya sayar mini ya ce komai yana riƙewa, amma ta nace sai an jona masa wannan. Rimot biyu a gida ɗaya, kamar muna tuƙa jirgi!"

Wani dogon mutum da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi dariya. Muntari ke nan, ƙanin Alhaji, gidansa na jikin katanga.

Sufeto ya juya gare shi. "Kai ina kake da aka yi satar?"

"Masallaci, Yallaɓai. Ina zan kasance ranar Juma'a?"

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

Muntari ya sosa ƙeya. "Tsoron Allah."

"Kowace huɗuba tsoron Allah ce," in ji Sufeto, ya wuce.

A bayan gida ya tarar an tattake dawa. Ya bi sawun har wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba. Ya leƙa. Can ƙasa gilashi yana ƙyalli a cikin taɓo.

Da aka zura ƙugiya aka ciro talabijin ɗin, sai ga fuskarsa a farfashe, an yi ta dukansa da dutse. Alhaji ya dafe kai yana salati.

"Ka ga mugunta irin ta Fulani!" in ji Muntari.

Sufeto ya harare shi. "Rufe mini baki. Wanda ya iya kai san huɗa kasuwa ba zai jefa talabijin rijiya ba. Wannan ba sata aka yi ba, kisa aka yi. Akwai abin da talabijin ɗin nan ya sani."

Ya nemi a yi masa iso wajen Hajiya Jumai, matar gidan. Ta fito zaure da mayafi, ranta a ɓace, ta dawo daga gidan suna ta tarar da wannan.

"Hajiya, me za a kalla yau a gidan nan?"

"Shirin kasuwannin shanu. Jiya da hantsi aka sa shi, Alhaji yana gona, sai na naɗa masa. Tun da aka sace Gundumi yake son ya ga yadda kasuwa take, ya sayi wani san huɗa."

"Gundumi?"

"San nasa. Ƙahonsa ɗaya a karye yake."

"Kin kalli shirin?"

"Ina na ga zama? Talabijin ma a kashe yake. Dikodar ita take aikinta."

"Wa ya san kin naɗa?"

"Jiya da la'asar na faɗa a tsakar gida. Alhaji na nan, ƙaninsa na nan. Har tuwo ya ƙware Muntari, na ba shi ruwa."

Sufeto ya tauna goro a hankali. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya fito ya sami 'yan'uwan biyu a gindin darbejiya.

"Alhaji, ashe akwai shirin da za ka kalla yau."

Kafin Alhaji ya buɗe baki Muntari ya cafe. "Ai wannan ya bi ruwa, Yallaɓai. Yana cikin ƙwaƙwalwar talabijin, ga ta a farfashe."

"To, Allah ya jiƙansa. Kofur, ɗauko mini akwatin Hajiya. Kowa ya biyo ni ofis."

A ofis akwai wani tsohon talabijin mai ƙaton ƙeya. An taho da wayar daga gidan Alhaji, Hajiya da kanta ta jona ta danna rimot. An fito da Hammadu ya tsuguna a gefe.

Kasuwa ta bayyana, wata babbar kara ta shanu can gaba da Rano. Mai gabatarwa yana ta tambayar dillalai. Sai na'urar ɗaukar hoton ta juya, ta tsaya a kan wani farin sa mai karyayyen ƙaho. Mutumin da ke riƙe da igiyarsa ya ɗaga hannu zai kare fuska, amma ya makara.

"Tsayar," in ji Sufeto. Hoton ya daskare.

Kowa ya juya ya dubi Muntari. Hular da ke kan mutumin, ita ce a kan Muntari a lokacin.

"Ba ni ba ne. Mutane suna kama."

"Har hula ma tana kama? Kai da ka ce shirin ya bi ruwa, wa ya gaya maka abin da ke cikinsa ya isa a fasa talabijin? Talabijin allo ne kawai, nunawa yake yi. Mai riƙewa ga ta nan, ka tsallake ta don tsohuwa ce. Ka bar jaki ka daki taiki."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Muntari! Nono ɗaya muka sha!"

"Nono ɗaya, Yaya, amma turke ɗaya kai ka riƙe!" in ji Muntari. "Gundumi daga saniyar Baba ya fito. Duk damina sai ka gama huɗarka sannan a ba ni, ƙasa ta bushe. Na yi magana ka ce in yi haƙuri, ka je ka rataya wa bango talabijin. Ni na kwance shi. Ni na fasa, kuma ban yi nadama ba!"

"Rabon gado da alƙali ake yi," in ji Sufeto, "ba da igiya ba. Kuma da ka yi, sai ka ɗora wa mai ruga ya kwashe 'ya'yansa ya bar gari? Kofur, ankwa."

Ƙarfe ya yi ƙara. Aka ja Muntari ciki, bai waiwayo ba.

Alhaji ya juyo wajen Hammadu, ya miƙa hannu. "Malam Hammadu, sharrin Shaiɗan ne…"

Hammadu ya dubi hannun, ya dubi yagaggen wuyan rigarsa, ya ɗauki sandarsa.

"Shaiɗan bai ja ni a gaban jama'a ba, Alhaji. Ka je ka gaya wa mai unguwa da bakinka, yadda ka gaya masa na farko."

Ya fita. Hajiya Jumai ta miƙa hannu za ta ɗauki dikodarta, Sufeto ya dafe ta.

"Wannan shaida ce, sai bayan kotu."

"To, a kula mini da ita," in ji ta, tana hararar mijinta. "Ita kaɗai ce a gidanmu ba ta yi wa kowa ƙazafi ba."