Gawar Motar Auta

"Ina motata?"

Auta ta ja ta tsaya a bakin get, hannunta na dama naɗe da bandeji har gwiwa. Inda gawar motar take girke babu komai sai tabon hayaƙi a kan siminti, shi ma an bi shi da sabulu.

"Wace mota?" in ji Umma, tana yarfe tsintsiya. "Gawayin nan kike kira mota?"

"Umma... ina take?"

"'Yan gwangwan sun zo da janwe sun kwashe. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi tambaya, kamar gidan nan gareji ne. Dubi yadda wuri ya yi fes."

Umma mace ce da ko ɓawon lemo bai taɓa kwana a tsakar gidanta ba. Haƙurin da ta yi da wannan ƙonannen ƙarfe ya isa a ba ta lambar yabo.

Motar sabuwa ce fil lokacin da abin ya faru. Auta na kan hanyar shagonta na ɗinki ta ji warin fetur, sai wuta ta taso daga gaban motar, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Ta fito da ranta, amma hannun da take riƙe almakashi da shi ya tafi. Kamfanin da ya ƙera motar ya aiko da kwandon 'ya'yan itace da jaje mai ratsa zuciya, sannan ya shaida wa kotu cewa ita ce ta ɗauko fetur a jarka. Lauyanta ya ce ƙarar gaba ɗaya tana rataye ne a kan bututun man da ke cikin gawar nan, kuma injiniya zai zo ya duba shi cikin makon.

"Wa ya ba ki shawarar, Umma?"

"Yarinyar nan mai hankali, lauyar kamfanin. Har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce ganin motar ne yake hana ki warkewa. Ta ce ma saurayin naki ne ya fara kawo maganar."

Abu biyu Lauya, wato lauyar kamfanin, take nema a duniya, kuma duka suna hannun Auta: ƙarar, da Dillali, saurayin nata. Shi ne ma'aikacin kamfanin da ya sayar wa Auta motar. Ya fara da bayanin maɓallai, ya ƙare da bayanin zuciyarsa.

Da hagu Auta ta latsa waya, ta kira shi.

"Autata, ya jikin? Yanzu nake..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan."

"Me ya faru, zuciyata?"

"An kwashe motar. An ce shawararka ce. Ka riƙe kamfaninka, ka riƙe lauyarku, kun dace."

Ta jira rantsuwa, ta jira magiya, har ta tanadi amsoshinsu.

"Wane fili aka kai ta?" Abin da ya ce ke nan.

Ta kashe wayar, ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Da yamma Lauya ta iso, tana ƙamshi, ɗauke da mukulli an ɗaura masa jan zare. Yaya, babban wan Auta, ya ba ta kujera mafi laushi a falo.

"'Yar'uwa, kamfani ya tausaya miki," in ji Lauya. "Sabuwar mota, da kuɗin asibiti. Ki janye ƙara, ki yi shiru, shi ke nan."

"Wace iri ce motar?"

"Irin taki."

Kamfanin, ga alama, ya yi imani wuta ba ta maimaita mutum.

"Ki karɓa, Auta," in ji Yaya. "Ba ki da hujja yanzu. Kuma Allah ya raba ki da yaron nan. Mutumin da ya sayar miki da gobara shi za ki aura?"

"Yaya, ko da toka a leda zan shiga kotun nan."

"Taurin kai ba shaida ba ne," in ji Lauya, tana murmushi.

Auta ta kama bakin bandejin da haƙori ta fara warwarewa. Umma ta ce kai, Yaya ya kawar da fuska. Ta ɗora hannun a kan teburin, kusa da mukullin, yatsun a ƙanƙame, fatar a tattare.

"Kalle shi sosai. Da wannan kike so in sa miki hannu?"

Murmushin Lauya ya tsaya inda yake, bai ci gaba ba, bai koma ba.

Sai aka ji hon a waje, irin na tsohuwar janwe mai tarin asma.

Dillali ne a tsaye a bayanta, rungume da gawar motar kamar wanda ya ɗauko amarya. Farar rigarsa ta koma baƙa. An datse bayan motar, amma gabanta yana nan yadda wuta ta bar shi.

"Ta baya suke fara yanka," in ji shi, yana haki. "Na same su sun ci rabi."

"Suka ba ka haka kawai?" in ji Yaya.

"Ina! Ƙa'idarsu, abin da ya hau sikeli ba ya sauka sai an ɗora wani ƙarfen a madadinsa. Na roƙa, na yi musu wa'azi, suka ce su ƙarfe suka sani."

"To me ka ɗora?"

"Tawa motar."

Yaya ya buɗe baki. "Lafiyayyar motarka?"

"Nauyinta ya yi daidai."

Lauya ta fito, mukullin na rawa a hannunta.

"Ka san ka rasa aikinka?"

"Na sani. Na biya ta ofis na ajiye musu katin aikin, sanye da wannan rigar. Manaja bai so in zauna a kujerarsa ba."

Auta ta matso. Ta manta hannun a buɗe yake, sai da ta ga idonsa a kai. Ta yi kamar za ta ɓoye shi a bayanta, ta fasa.

"Me ya sa ba ka ce min ƙarya lauyarku ta yi ba?"

"Da za ki yarda?"

"A'a."

"Shi ya sa na tafi neman abin da za ki yarda da shi." Ya sassauta murya. "Zan iya kiran sunan yanzu?"

"...Kira."

"Autata."

"Ba dai a tsakar gidana za a sake girke wannan abin ba!" in ji Umma.

"A nan za ta zauna, Umma."

Umma ta kalli 'yarta, ta kalli hannun, sannan ta juya kan Lauya. "Ke kuma, mai gaisuwa har ƙasa, ga get can." Ita da kanta ta ɗauko tampol ta lulluɓe gawar, ta kafa doka: ko kaza ta matsa kusa sai ta gamu da ita.

"Ba aiki, ba mota," Yaya ya yi gunaguni. "Wannan kika zaɓa?"

"Shi."

Injiniya ya zo, ya ciro bututun, ya nuna tsagar da ta taho da shi tun daga masana'anta. Kotu ta yi abin da ta saba, ta ɗage, ta sake ɗagewa. Auta ta ce ba za ta jira alƙali ya ba ta ranar aurenta ba, aka ɗaura. Kafin a kai ga hukunci, wasu masu irin motar sun fara neman lambar lauyanta, kamfanin kuma ya gano cewa da ma can yana da niyyar kiran motocin a duba su.

Ranar hukunci Auta da Dillali suna tsaye a tashar bas, rana ta buɗe, bas ba ta da niyyar zuwa. Tun a gida Umma ta cusa mata safar hannu a jaka. Auta ta ciro ta, ta dube ta, ta mayar.

"Ka taɓa yin nadama?"

"Kullum da safe," in ji shi, "a daidai wurin nan."

Ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa hannun dama.

"Riƙe. Da shi zan yi rantsuwa, da shi kuma zan nuna su."