Maɗacin Ƙarshe

"Buɗe idonki ki duba! Wannan gwangwanin na waye?"

Yaya ne ya wurgo shi gabana, ragowar shuɗin fenti ya fantsamo min a siket.

Ban duba ba. Idona na kan kututturan.

Nan ne filin bincikena a gandun dajin jami'a. Kowace bishiya a cikinsa ni na zagaye ta da jan fenti daidai ƙirji, na buga mata lamba, duk ƙarshen damina in dawo da igiyar awo in ga kaurin da ta ƙara. Digirina kacokan a jikin bishiyoyin nan yake. Ga su yau a kwance, jan zobena a jikinsu, an dangwala musu shuɗi a kai.

Dokar gandun ko yaro ya san ta. Mai shuɗi 'yan katako su sare, mai ja ba a taɓa ta. Wanda kuma sashenmu ya ba aikin shafa shuɗi bana shi ne mutumin da na ce wa gidanmu in ba shi ba sai rijiya.

Mai Tsuntsu.

"Ki yi haƙuri..." Malam Tsaf ya faɗa daga bakin hanya, ya jingina da mota. "Wallahi da na gani, kasa kiranki na yi, sai Yayanki na kira."

Malami ne a sashenmu, abokin Yaya, ya daɗe yana nemana ina zillewa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don yana koyar da ilimin daji amma ƙaya ba ta taɓa kama masa wando ba. Ranar ma ba fararen takalmansa da aka san shi da su ne a ƙafarsa ba, sai dai wa ke ta takalmi?

Sai ga ƙarar babur.

Mai Tsuntsu ya diro tun bai gama tsayawa ba, ƙafa duk taɓo. Ya dubi filin, ya dube ni.

"Jan-yatsa..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan!" Shi ya raɗa min shi, saboda jan fentin da ba ya barin yatsana.

"Ki saurare ni, don Allah. Ban shigo filinki da shuɗi ba. Gwangwanin nan tuni na mayar da shi ɗakin ajiya."

"To ƙafa ya yi ya dawo da kansa?" in ji Yaya. "An sayi mutum, yana mana rantse-rantse!"

"Masoyiyata, ke kin san ni..."

"Da na ɗauka na sani."

Na cire madubin hangen nesan da ya ba ni kyauta, wanda ba ya barin wuyana, na sake shi a ƙasa.

Ya sunkuya ya ɗauka yana goge shi da bakin rigarsa, ni kuma na shige mota ina kuka kamar raina zai fita.

A gida Baba bai yi min faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

"Tun farko me na ce miki? Ƙato guda, aikinsa ya wuni yana ɗaga kai sama yana ƙirga tsuntsaye. Da me zai riƙe ki? Da fuka-fuki?"

"Baba, ni fa..."

"Magana ta ƙare. Kada in ƙara ganin ƙafarsa mai taɓo a ƙofar gidan nan."

Umma ta jawo ni jikinta tana bubbuga bayana. Ita ma ba ta taɓa sonsa ba, amma ta san ranar da za ta yi shiru.

Kafin la'asar labari ya zo cewa Farfesa, shugaban sashenmu, ya dakatar da shi. Na so in ji sanyi a raina, ban ji ba. Haushinsa nake ji, kewarsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina da nake kewarsa.

Washegari da safe sai ga Malam Tsaf a falonmu, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Na samo miki mafita," ya ce yana murmushi. "Sabon bincike, da hotunan tauraron ɗan'adam. Daga ofishina za ki gama komai. Ke da shiga daji har abada."

"Ka ji mutanen kirki," in ji Baba.

Wayata ta yi ƙara. Mai gadin gandu ne, muryarsa a sama.

"Malama, ki zo ki janye Mai Tsuntsun nan! 'Yan katako sun dawo sare guda ɗayar da ta rage musu, sun ce su takardar hani ba ta iso gare su ba. Shi kuma ya zauna a gindinta ya ce sai dai su haɗa da shi!"



"Wace bishiya?"

"Babban maɗacin nan na kan kwana."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Ina za ki?" Baba ya daka min tsawa.

"Baba, za su kashe shi!"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki makullin mota.

"Mu je. Ni zan kai ki, in ga ƙarshen wannan haukan da idona."

Malam Tsaf ya ce yana da aji. Baba ya ce ajin ya jira, ai shi ne shaida. Haka ya shiga gaba yana ta duba agogo.

Tun daga nesa muke jin kukan injin zarto.

Mai Tsuntsu yana zaune a ƙasa, bayansa manne da maɗacin, hannuwansa a harɗe. Shugaban masu saran yana tsaye a kansa yana zazzaga masifa, yaransa sun ɗaure igiya a reshe.

Na ɗaga kai sama, can inda wani tsohon reshe ya karye ya bar kogo. An toshe bakin kogon da taɓo, sai 'yar tsaga siririya.

Na san wannan tsagar.

Shi ya nuna min ita a farkon damina, bayan ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa ba, don masu kamun tsuntsu kunne gare su. Sheƙar cilakowa ce, ita ce zuciyar nasa binciken. Ya ce macen kan shiga kogo ta liƙe ƙofa a kanta, ta zubar da gashin fiffikenta, ta kwanta kan ƙwai. Ba ta iya tashi, ba ta iya fita. Namijin ne ke kawo mata abinci ta wannan tsagar har 'ya'ya su yi ƙwari.

"In ya gudu fa?" na tambaye shi a ranar.

"Sai ta mutu a ciki."

"Amma ta yarda ta rufe?"

"Ta yarda da shi ne, Jan-yatsa." Sai ya sauke madubin daga idonsa ya ce, "Ke fa? Za ki aure ni?"

Ga shi yanzu an dangwala wa wannan bishiyar shuɗi.

Ko duniya za a ba shi, hannunsa ba zai shafa mata shuɗi ba. Wanda ya shafa bai san me ke cikinta ba.

Na ruga wajen kututture na farko na durƙusa, na share dusar katako da hannu. Babu. Na biyu, babu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rarrafe kamar mahaukaciya.

"Ke! Lafiyarki?" in ji Baba.

"Baba, zo ka gani! Duk wanda ya taɓa yin aikin nan da hannunsa ya san wuri biyu ake shafa shuɗi. A ƙirji, sannan a durƙusa a shafa a gindi, don in an sare, kututturen ya zama shaida. Je ka ɓangaren da shi ya yi wa alama, kowane kututture da shuɗinsa. Nan fa? Ko ɗaya!"

Na miƙe ina nuna filin.

"Kuma duba waɗanda aka sare. Duk na bakin hanya ne! Na cikin sarƙaƙiya suna nan tsaye. Wanda ya yi wannan ba ya son durƙuso, ba ya son ƙaya."

Injin dai na ta kuka.

Na juya ga shugaban masu saran.

"Malam, wa ya ce muku ku shigo nan?"

"Mu dai shuɗi muka gani." Ya sosa ƙeya, sannan ya nuna bakin hanya da haɓa. "Wancan malamin ne ya kira ni ya ce an ƙara mana wuri."

Malam Tsaf yana tsaye inda ya saba, jikin mota.

"Ƙarya ne! Ni... ai kuskuren fahimta ne..."

"Malam," na ce, "ina fararen takalmanka? Ko fentin ne ya ƙi fita?"



"Don ke na yi!" ya fashe. "Me za ki tsinta a daji? Me za ki tsinta a wajen wannan?"

Baba bai ɗaga murya ba.

"Ka ci abinci a gidana, ka sare wa 'yata wahalarta ta shekaru, ka zo kana min murmushi a falo. Matsa daga jikin motata. Farfesan naku zai ji daga bakina."

Malam Tsaf ya kama hanya a ƙafa, yana tsallake taɓo.

Sai na ji wani siririn kuka a sama. Namijin cilakowar ne a kan reshen wata bishiya, da fara a dogon bakinsa, yana leƙe yana ja da baya.

"Tun safe yake kewayawa," Mai Tsuntsu ya faɗa a hankali, karo na farko da ya yi magana. "Ƙarar ta hana shi sauka. Ba ta ci komai ba."

Baba ya dubi masu saran.

"Ku kashe injin nan."

Aka kashe.

Muka tsaya kamar an dasa mu. Tsuntsun ya yi tsalle ɗaya, ya sake yi, sannan ya sauka a bakin kogon ya manne. Wani baki ya leƙo ta tsagar ya karɓe farar.

Hawaye suka zubo min. Na taka na durƙusa a gaban Mai Tsuntsu.

"Ka yafe min..."

Bai dube ni ba.

"Dakatarwar ba ta dame ni ba. Zagin Yayanki ma bai dame ni ba. Ke ce ba ki tsaya kin ji ta bakina ba."

"Na sani. Idona ne ya rufe. Wallahi na yi nadama, rabin raina... ka hukunta ni yadda ka ga dama, amma kar ka bar ni."



Can ya zura hannu a jakarsa ya zaro madubin, ya rataya min a wuya.

"Gilashi ɗaya ya tsage," ya ce. "Da ido ɗaya za ki riƙa kallo, shi ne hukuncinki."

Na yi dariya cikin kuka.

"Aikina ya tafi, masoyi. Kusan rabin filin..."

"Na cikin sarƙaƙiya suna nan. Sauran mu sake daga farko. Ni zan riƙe miki igiyar awo, Jan-yatsa."

Baba ya yi gyaran murya, muka yi saurin matsawa. Ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan ƙafafun.

"Kai, da sun ƙi tsayawa fa?"

"Da sai su fara da ni, Baba."

Baba ya juya ya nufi mota.

Muka kama hanyar gida. Ina ta murza igiyar madubin, ina fargaba, don na san Baba, in ya ce a'a ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya sakewa.

Sai da muka hau kwalta ya ce, "Wannan tsuntsun... kullum haka yake kawo mata?"

"Kullum, Baba. Har ta fito."

Ya gyaɗa kai yana kallon titi.

"Ki ce masa ya turo manyansa."

"Baba!"

"Amma ki gaya masa, ya wanke ƙafar nan kafin ya shigo min falo."

Ranar da suka zo, ya wanke ta tas. Baba da kansa ya leƙa ya duba, sannan ya matsa masa ya zauna kusa da shi.