Sunan Da Ta Kasa Kamawa

"Me suka ce?" Aina'u ta tambaya, ta ƙara manna wayar a kunne. Tana tsaye a bayan rumbu, don nan kaɗai sabis ke kamawa a gidansu.

"Abin da suka saba faɗa," in ji Fatihu daga can Turai, murya a gajiye. "Ana kan dubawa."

"Har yanzu..."

"Har yanzu. Ba su yarda auren gaskiya muka yi ba. Tambaya biyu kacal fa matar nan ta ofishin jakadanci ta yi miki, Aina'u. Wane ne mijinki, me kike so a tare da shi? Sai kika sunkuyar da kai."

"To ya zan yi? Ga baƙuwa, ga tafinta namiji ya zuba mini ido..."

"Ki ce Fatihu mana! Zagi ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, sanyin idona," ya ce a hankali. "Kaɗaici ne ke sa ni faɗa. In na dawo daga aiki, ko mai amsa sallama babu..."

Layin ya katse.

An yanke geron da aka shuka lokacin bikinsu, an ci, an shuka wani, ga shi har ya fitar da kai. Amarcin nasu bai fi ƙiftawar ido ba, Fatihu ya koma bakin aikinsa, ita kuma ta dawo gidan mahaifinta a ƙauyensu na gefen Kunci, ta zauna jiran biza. Ita ba budurwa ba, ba bazawara ba, ba kuma matar gida ba. Kwanukan jerenta na nan a kwali, ɓeraye sun fara yi wa kwalin ƙofa.

Gwaggo Zakiyya ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ita ce kuma ta hora ta: mace ta gari ba ta kama sunan miji, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Ranar biki ma da aka zo ɗaukar hoto, Gwaggo ta ce ba a gidanta za a yi wannan fitsarar ba. Don haka Aina'u ta je ofishin jakadanci a Abuja ba hoto ko ɗaya na su biyun, sai kunyarta da ta ɗauro a haɓar zane. An ce kunya adon mace ce. Ba a dai gaya wa Aina'u cewa akwai kasuwar da adon ba ya ci ba.

"Aina'u," mahaifinta, Malam Basiru, ya kira daga tsakar gida.

Ta zo ta durƙusa. Gwaggo na gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ba a yin aure ta waya," in ji shi, idonsa na kan carbi. "Sa'o'inki duk suna da goyo. Ke kuwa kin rame kamar karan dawa, kullum kina bayan rumbu kamar mai gadin hatsi. Yaron nan ba ni da abin zargi a kansa. Amma da an kai amfanin gona gida zan je in sami mahaifinsa, ya sa shi ya sawwaƙe miki. Me kika ce?"

Kanta na ƙasa. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma.

"To ka gani, Yaya," in ji Gwaggo. "Ta yi shiru. Shirun 'ya mace ai yarda ce."

Maganar ta soki Aina'u. A Abuja shirunta ya zama ba ta da miji. A nan kuma zai zama ba ta son sa. Kowa na ɗaukar shirun nan ya ɗinka rigar da ta yi masa, ita ce kawai ba a auna ba.

Ta ɗago kai.

"Baba... ina son Fatihu. Mijina ne. Ko zan tsufa a bayan rumbun nan, shi nake jira."

Gwaggo ta saki gyaɗar, ta rafka salati. "Yau na ga ƙarshen zamani. A gaban ubanki?"

Malam Basiru ya kau da kai, shi ne ma kunyar ta kama. Ya daɗe yana jan carbi.

"Damina ɗaya," ya ce, bai dube ta ba. "Na ƙara miki damina ɗaya. Bayan ita kada ki tambaye ni."

Ta tashi ta koma bayan rumbu. Ta kira shi, wayar ba ta shiga ba. Sai ta danna wurin ɗaukar murya, ta share fuska da gefen mayafi.

"Fatihu," ta ce. Ta tsaya, ta saurari yadda sunan ya zauna a bakinta. "Fatihu... ni ce. Ka ce su sake kirana."

Saƙon bai tafi ba. Ya tsaya yana ta juyi a fuskar wayar, shi ma yana jiran a ba shi hanya.