Ruwan Zafin da Aka Saki da Magariba

Ranar da abin ya fara, rana ta riga ta faɗa bayan gidajen maƙwabta, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na gane fuskar mutum ba. Yaya tana zaune a kan tabarma tana ninke wanki. Mijinta tela bai dawo daga shago ba, 'yarta Gimbiya tana ɗaki tana aikin makaranta, ƙanwarta Auta kuma tana can wurin aiki. Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwas, ya gangaro a hankali ya tsaya kusa da ƙafarta.

Murfin kwalba ne, ɗan ƙarami, fari. Ko a mafarki aka nuna mata shi za ta gane shi, domin shekara goma sha biyu ta yi tana dafa irinsa. Ta kai hannu ta ɗauka, ta yi wuf ta yar. Da zafi yake, kamar yanzu aka tsamo shi daga wuta.

Kamfanin da ta yi wa aiki maganin ɗigawa a ido yake yi. Ɗakin da ake ɗura maganin ba a shiga shi kai tsaye. Sai an wuce ƙofa uku, an wanke hannu har gwiwa, an sa farar riga mai rufe mutum daga kai har ƙafa, da takunkumi, da safar hannu biyu. A ciki ba a tari, ba a hira a kan buɗaɗɗiyar kwalba. Allurai na sauka suna cika kwalabe, injin na danna murfi, shi ke nan. Amma kafin kwalba ko murfi su kai nan, sai sun yi minti arba'in a cikin babbar tukunyar tururi, wadda ke kashe duk wata ƙwayar cuta. Wannan tukunya ita ce aikin Yaya. In lokaci ya cika, sai ta murɗa famfo ruwan zafin ya bi bututu ya fita wata magudana da ke bayan katanga.

Tana da wata ɗabi'a da abokan aiki ke tsokanarta a kai. Kafin ta murɗa famfon takan ƙwanƙwasa bututun sau uku, ta ce, “Bismillahi. Masu wuri, ku kauce, ruwan zafi na tafe.” Sukan yi dariya su ce Yaya ta fara gaisawa da surukanta na cikin bututu.

Ita ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta yi ta zarya ofis har aka ɗauke ta aiki a injin murfi. Wata Alhamis da yamma aka bugo waya cewa Gimbiya ta faɗi a makaranta an kai ta asibiti. Saura minti ashirin tukunya ta cika lokacinta. Yaya ta cire katinta na aiki, wanda ba a yarda kowa ya ba wani ba, ta rataya wa ƙanwarta.

“Minti ashirin, Auta. Kada ki taɓa famfon sai agogo ya yi ƙara.”

“Je ki, Yaya. Kada ki damu.”

Bayan mako biyu, kwalaben da aka ajiye don gwaji suka yi hazo a ciki. Kwalba dubu tara aka fasa. Da aka duba, katin Yaya ne a kan tukunyar ranar. Yaya ta ja Auta gefe ta tambaye ta, Auta ta rantse da Allah ta jira har agogo ya yi ƙara, ta ce tukunyar ce ta tsufa. Yaya ta yarda. Da manaja ya zaunar da ita, ba ta ambaci sunan kowa ba, don kada a kore su su biyu. Aka sallame ta ita kaɗai. Da aka nemi wanda zai riƙe tukunyar, Auta aka ba, Yaya ma har ta taya ta murna.

Tun daga wannan murfi na farko, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da zarar ladan ya buɗe baki, sai murafu su fara sauka a kan kwano, ɗaya, sannan biyu, sannan kamar ƙanƙara. Tela ya hau tsani ya leƙa, ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko kyanwa ba. Duk abin da ke da murfi a gidan, kwalbar mai, gwangwanin sukari, robar man shafawa, sai a tarar da shi a buɗe, an jera murafun a bakin ƙofar Yaya. Ruwa ya daina tafasa a gidan. Za a ɗora buta a wuta har gindinta ya yi baƙi, a tsoma yatsa a ji shi da sanyi.

Abin da ya fi tsayawa a rai shi ne kukan. Daga magudanar bakin famfo yake fitowa, siriri, kukan yaron da ya gaji da kuka. Da an idar da sallar magariba sai ya ɗauke, gidan ya yi tsit, har a riƙa jin numfashin juna.

“Mu tashi daga gidan nan,” in ji tela.

“Mu je ina?” in ji Yaya. “Abin da ya san ƙofar ɗakina zai rasa hanyar wani gidan?”

Auta kuwa ta fara gudun gidan. Ta koma dawowa sai bayan isha, ta shige ɗakinta ta rufe.

A kwana na tara abin ya taɓa Gimbiya. Yarinyar tana tsugune tana alwala a bakin famfo, sai ta ƙwalla ƙara ta kife. Da suka ɗaga rigarta, bayanta ya yi jawur ya tashi da bororo, alhali ba wuta ba ruwan zafi a kusa. Ta buɗe ido ta kalli uwarta, kallon da ba nata ba, ta ce da wata murya ta tsohuwa, a dishe, “Kin ji yadda yake?” Daga nan ba ta ƙara magana ba. Kwana biyu ba ci ba sha, sai dai in magariba ta yi ta rarrafa zuwa bakin magudana ta kwanta tana jijjiga hannu kamar mai lallashin goyo.

Tela ya je ya zo da wani tsohon malami da ke zaune bayan kasuwa, mutum mara yawan magana, wanda ba ya tafe da komai sai carbi da butar alwalarsa. Ya zagaya gidan, ya ɗauki murfi ɗaya ya juya shi, ya ce a tara duk mai kwana a gidan kafin faɗuwar rana, kada a bar kowa. Auta ta ce tana da aiki. Malam ya ce aikin ya jira.

Aka shimfiɗa wa Gimbiya tabarma a tsakar gida. Malam ya zauna daga wajen kanta ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwa ta cinye bango. Murfi ɗaya ya faɗo a kan kwano, ba wanda ya ɗaga kai. Can sai yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata.

“Ya isa, malam. Ni ma musulma ce. Kada ka ƙone ni, an riga an ƙona min wanda ya fi ni.”

“Wace ce ke, me kika zo nema a jikin yarinya?”

“Ni ce mai zama a magudanar bayan katanga. Tun kafin a gina kamfanin muke wurin.” Ta juya ta nuna Yaya da yatsa. “Tambaye ta. Shekara goma sha biyu tana ƙwanƙwasa mana sau uku, ina kwashe 'ya'yana. Mun san sa'arta kamar yadda muka san lokacin sallah. Na saki jiki da ita. Ranar nan na duba na ga da sauran lokaci, na bar ƙaramin yana barci a bakin bututu. Ba ƙwanƙwasawa, ba bismillah. Sai ruwa.”

Muryar ta karye. Tela ya sunkuyar da kai.

“Fatar bayansa a hannuna ta zauna. Da baƙuwa ce ta yi min, da na haƙura. Amma ke?”

Yaya ta sake juya maganar a zuciyarta. Ba ƙunar ce ta tsaya mata a rai ba. Magana ɗaya ce: da sauran lokaci.

Malam ya ce, “Kin ga fuskarta?”

“Wa ke ganin fuska a ɗakin nan? Duk fararen riguna ne. Katinta ne a wuya, ƙamshin gidan nan ne a jiki, shi na biyo har nan. Kuma tururin ya lashe ta a hannun dama, ƙasan gwiwa, don gaggawar da take yi. Na ji ihunta.”

Malam ya dubi Yaya. “Baiwar Allah, nuna hannunki.”

Yaya ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa. Babu tabo ko ɗaya. Idanun da ke fuskar Gimbiya suka daɗe a kan fatar, sannan suka tashi a hankali suka bi tsakar gidan, suka tsaya a kan Auta, wadda ke jingine da ƙofa ta riƙe hannunta na dama da na hagu.

Ba wanda ya ce ta nuna. Ita da kanta ta sulale ƙasa.

“Yaya, motar ma'aikata ce za ta tashi. Kuma saurayina yana jirana a bakin get, ya ce in na ƙara ɓata masa lokaci ya fasa maganar auren. Na ce minti ashirin me zai yi? Ai kwalaben sun riga sun dahu.”

“Na tambaye ki,” in ji Yaya, muryarta ƙasa ƙasa. “Ni da ke, ba kowa. Kika rantse.”

“Tsoro na ji.”

“Kika zauna a kujerata. Na yi miki guɗa, Auta. Kwana goma sha ɗaya kina ganin abin da ke faruwa a gidan nan. Kin ga bayan yarinyar nan.”

Auta ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

Aljanar ta ce, “To na samu mai laifina. Zan fita daga wannan in shiga waccan. Fata da fata.”

“Ba za ki shiga kowa ba,” in ji malam. “Ke ma kin ƙona 'yar da ba ta ji ba ta gani ba. Wa zai rama mata a kanki?”

Aljanar ta ɗago kai ta dubi malam.

“A bar wa uwar hukunci. In ta ce in shiga, ko karatunka ba zai hana ni gwadawa ba.”

Kowa ya juya ga Yaya. Ta daɗe tana kallon ƙanwar da ta goya a bayanta tun ita kanta ba ta gama girma ba. Sai can ta ce, “Kada ki shige ta. Ba don ita ba. Na gaji da jinya ne.”

Malam ya yanke sharaɗi. Auta za ta je gobe ta faɗa wa manaja gaskiya da bakinta, ba za ta ƙara taɓa famfon tukunya ba har abada, kuma kwana bakwai za ta kai ruwan sanyi ta zuba a bakin magudanar da bismillah, ta nemi afuwa. Ita kuma aljanar za ta fita yanzu, ba ita ba gidan.

“Na yarda.” Aljanar ta matso da jikin Gimbiya har gwiwarta ta taɓa ta Yaya. “Ke kuma, na zalunce ki. Na zarge ki da abin da ba halinki ba ne. Ki yafe min.”

“Na yafe. Yaya jikin yaron?”

“Yana warkewa. Tabon dai ba zai tafi ba.”

Gimbiya ta yi atishawa sau uku ta faɗi a cinyar uwarta. Da ta farka, da muryarta ta ce, “Mama, ƙishirwa.”

Auta ta cika sharaɗin. Kamfani ya kore ta, amma bai mayar da Yaya ba, domin ba da kati ma laifi ne, kuma Yaya ba ta yi musu ba. Ta koma shagon mijinta tana sa maɓalli da guga. Bayan Gimbiya ya warke cikin wata guda. Auta ta kwashe kayanta ta koma wurin wata ƙanwar mahaifinsu, wanda ya jira ta a bakin get kuwa bai ƙara waiwayarta ba.

Bayan wata biyar ta zo. Ta yi sallama a ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan, Yaya ta amsa mata da kyau. Auta ta nufi ɗakin ciki kamar yadda ta saba, sai Yaya ta nuna mata kujerar falo. Ta shiga ta fito da ruwa a kan faranti, cikin kofin gilashin da ba a fito da shi sai an yi baƙi. Ta tambaye ta gajiya, ta tambayi mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba.

Auta ta riƙe kofin.

“Yaya, ni ce fa.”

“Na gane ki,” in ji Yaya. “Sha ruwa.”