Tsayin Marigayi

Mako uku da binne Lemuel Bascom, matarsa Orpha ta sake buɗe shagon hotonsa da ke saman kantin sirdi, a wani ƙaramin gari na Ohio. Shekara goma sha tara tana wanke masa gilasan hoto har yatsunta suka yi baƙi, bai taɓa barinta ta sa kai cikin mayafin kyamara ba. Yanzu ko ta ɗauki hoto, ko ta kwana da yunwa.

Mazaunin kyamarar ne ke ƙona mata rai, wani tsohon katako mai ƙafa uku da hannun murɗawa. Kullum sai ta sauke shi daidai idonta, kullum sai ta tarar ya koma tsayin Lemuel.

Rana ta yi sanyi tsohuwa Thurza Pell ta hawo, tana son hoton da za ta aika wa ɗanta.

"Ke 'yar nan, kin iya kuwa? Kar in tsufa a kujera."

"Ai kin riga kin tsufa, Iya. Zauna, ban da motsi."

Orpha ta sauke mazaunin, ta shiga baƙin mayafin. A gilashin kyamara komai a kife yake fitowa. Ga Thurza nan, kai ƙasa, ƙafa sama, yadda ya kamata.

A bayan tsohuwar akwai wani dogon mutum.

Shi a miƙe yake.

Warin tabar taunawa irin ta Lemuel ya cika mayafin. Ƙiii. Hannun katakon ya fara murɗa kansa. Kyamarar ta yi sama, mayafin ya shaƙe wuyanta, dugaduganta suka bar ƙasa.

"Ba wurinki ba ne," aka raɗa mata.

Numfashi ya ƙi. Tsoro ya zo, amma haushi ya riga shi.

"Kana raye ka hana ni, ka mutu ma ba ka ƙoshi ba? Matsiyaci!"

Ta tattara ƙarfinta ta shuri ƙafar mazaunin ɗaya. Komai ya kife. Ta faɗi tana tari, wuyanta da jan zobe.

Thurza ta ce, "Wayyo! Ni ce na motsa?"

Washegari Orpha ta aro zarto, ta rage wa kowace ƙafar mazaunin taƙi biyu. Har ta tsufa, duk safiya takan tarar an murɗe hannun har ƙarshe. Nan ɗin kuwa daidai idonta ne.