Hararar Habsatu a Dandalin Samariya

Habsatu na tankaɗen jar dawar taimako a tsakar gida Cha'ibu ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure kamar wanda aka aiko faɗin rasuwa. Shi ne mai tsara wasan kwaikwayo na samariya, ƙungiyar matasan unguwarsu a Matameye, shi ne kuma za a kawo kayan aurensa gidan nan bayan salla.

"Inna ta ce a fasa auren," ya ce, idonsa a ƙasa.

Rariya ta suɓuce daga hannun Habsatu. "Me na yi mata?"

"Wasan jiya."

A shekarar nan ta fari sojoji masu mulki sun ce kowace samariya ta yi wasa a kan masu ɓoye hatsi. Cha'ibu da kansa ya ba Habsatu matsayin muguwar matar ɗa, mai tura gero ƙarƙashin gado ta bar uwar miji da yunwa. Ta kuwa yi shi har sufurufe, babban jami'in gwamnati na garin, ya miƙe yana tafi. Tsautsayi ya sa Inna Shekara, mahaifiyar Cha'ibu, tana gaba-gaba a kan tabarma, ita da ba ta taɓa kallon wasa ba tun da aka haife ta.

"Na ce mata tiyatar ce kawai, wasan kwaikwayo ne, ni na rubuta maganganun," in ji Cha'ibu. "Ta ce to, hararar ma ni na rubuta? Wai irin wannan harara da ita ake haihuwar mutum."

Habsatu ta soma dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Cha'ibu yaro ne da bai iya musu da uwa ba. Da gonaki suka sake ƙonewa ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kano ci-rani, bankwana ma a tsaye suka yi shi da Habsatu. Habsatu ta bar dandali, ta koma ɗebo wa Inna Shekara ruwa tana kai mata kunu. Tsohuwar takan shanye tas, ta goge baki, ta ce wa maƙwabta, "Yarinyar nan ta iya wasa. Wannan ma tiyatar ce." Duk cikin abin da ya same ta babu wanda ya ci wa Habsatu rai kamar wannan, don ta rasa alherin da za ta yi a yarda nata ne.

Yunwa ta kwantar da Inna Shekara, ƙafafunta suka kumbura. Wata rana da hantsi, bayan ta sha kunun, ta hangi Habsatu ta kafar zana, ta ɓuya a bayan rumbu tana cin dusa da ruwa.

"Habsatu," ta kira ta, "kunun nan rabonki ne kike kawo mini?"

Habsatu ta fito tana goge dusa a bakinta.

"Bayan rumbu ai babu 'yan kallo. Na cuce ki, ɗiyata."

A ranar Inna Shekara ta aiki Tanko direba ya ce wa Cha'ibu ya dawo, ta amince. Habsatu ta wanke zanenta mai kyau, ta yi ta sauraren ƙarar mota. Da Tanko ya dawo, shi kaɗai ya shigo, ya durƙusa.

"Inna, an ɗaura masa aure watan jiya da ɗiyar kawunsa na Kano. Ya ce ke kika ce ya nemi wata, ya bi umarninki."

Tsohuwar ta ɗora hannu a ka tana kuka. Habsatu ce ma ta riƙe ta, hawayenta na ɗiga a kan ɗankwalin Inna.

Da ta warke, Inna Shekara ta bi gida-gida da sandarta tana wanke yarinyar, har iyayen samari suka riƙa sallama a ƙofar su Habsatu. Haƙuri ya mayar mata da sunanta. Amma iyaye su ji tsoron Allah, kada su yanke wa ɗan mutum hukunci da kallo ɗaya, don wani gyaran yakan zo a makare. Habsatu ta yafe wa kowa, sai dai ba ta sake son wani kamar Cha'ibu ba.